Shekarar da Aljani Ya Shanye Sibirtun Umma

Mu'azzam da Ummi, wannan babin naku ne, ku karanta in kun girma. A shekarar da zan ba ku labari ɗayanku rarrafe yake yi, ɗayar kuma ba ta da aiki sai cin sabulu, don haka abin da kuka sani duk daga bakin Hajja kuka ji shi. Hajja kakarmu ce, Allah ya ƙara mata lafiya, amma labari in ya shiga bakinta sai ya fito da fukafukai. Ni ma an ce haka nake, tunda sunanta na ci, shi ya sa gida ke kirana Hajjo, Baba kuma yake ce mini Mamana. Na nemi izinin Baba kafin in rubuta. Ya ce in rubuta, amma kada in sa sunan kowa na gaskiya in ba na gidanmu ba. To, sauran sunayen aro ne.

Gidanmu na unguwar Sa'alaba a Jidda a lokacin ba ya buƙatar kwatance. Direban tasi in ya shigo unguwar, gilashi kawai zai sauke ya bi hancinsa. Umma humra take haɗawa da turaren fesawa, sana'ar da ta gada wurin mahaifiyarta, ita ma ta gada wurin tata da ta zo aikin hajji ba ta koma ba. Komai namu ƙamshi yake yi. Littattafaina na makaranta suna yi, burodinmu yana yi, har magen lungunmu in ta wuce sai mazan magen wata unguwa su biyo ta. A saman bene akwai ɗan ɗaki inda Umma take aiki, a kusurwarsa kuma akwai shuɗiyar jarka ta sibirtu, wani farin ruwa mai kama da na famfo wanda ake narkar da madarar turare da shi. Ina shekara goma sha huɗu maganar ta fito fili cewa jarkar nan tana raguwa ba tare da Umma ta taɓa ta ba. Ni aka fara tuhuma, domin duk abin da ya ɓace a gidan, daga murfin tukunya har haƙoran roba na Hajja, ni ake fara tambaya, kuma gaskiya na haƙoran ni ce. Da na rantse har sau bakwai, sai Hajja ta yanke hukunci.

"Aljani ne," in ji ta. "Su ƙamshi ne abincinsu. Kin tara musu tuwo a sama, kina mamakin sun zo?"

Umma ta ce, "To, Hajja." Ba ta ɗago kai daga turmin da take dakan sandal ba.

Hajja ta barbaɗa gishiri a matakala har muka riƙa tafiya kamar a bakin teku, ta kunna karatu a rediyo dare da rana, ta turara habbatussauda har ƙadangarun bango suka yi hijira. Jarka ta ci gaba da raguwa. Ni kuwa na ƙudura sai na ga aljanin nan da idona, don in ba ƙawayena labari. Wata rana bayan azahar, lokacin da duk Jidda take kwance ƙarƙashin na'urar sanyi kamar an yi mata allura, na hau sama na laɓe a bayan tankin ruwa. Har yau in na rufe ido ina ganin ranar. Iska tana rawa saboda zafi, fararen rigunan da aka shanya suna lilo kamar mutanen da ba su da kai, tantabaru sun buɗe baki a inuwar tanki, wani jirgi yana tafiya can sama a hankali kamar ya manta inda za shi. Barci ya fara ɗaukata, har na fara mafarkin aljanin ya zo da rawani kore yana tambayata ko akwai ƙanƙara. Sai na ji taku. Ba takun aljani ba ne, na san shi tun ina cikin zani. Baba ne, babu takalmi, da kofin shayi a hannu ɗaya da gorar ruwa a ɗayan. Ya tsiyaya daga jarkar, ya ƙara ruwa, ya juya ya fuskanci bango kamar yaron da aka sa wa horo. Ya ce astagfirullah, ya shanye, ya sake cewa astagfirullah. Da aljanin ne da na fi samun sauƙi.

Na haɗiye maganar na makonni. Ni da ba na iya riƙe sirri daga falo zuwa kicin, sai ga ni da wanda ya fi cikina girma. Baba tela ne, shagonsa yana unguwar Bani Malik, kuma a zamaninsa in ya yi wa wuyan riga aiki, ango har ƙin cire ta yake yi. A watannin nan sai ya fara dawowa da allura gida yana cewa in zura masa zare, wai hasken shagon ne ba shi da kyau. Ya ɗinke wa wani aljihu ta sama, ya yi wa wani hannun riga ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Da ya fara cewa yana ganin hazo a cikin ɗaki, Umma ta ce in raka shi wurin likitan ido, tunda ita tana fama da ku. Likitan ya haska, ya sake haskawa, sannan ya kalle ni ya rage murya, ya manta cewa kunnuwana suna jin motsin tururuwa a Makka. Ya ce wa Baba abin da yake sha yana cin jijiyar idonsa, na hagu ya riga ya yi nisa, na dama ne ya rage a ceta, in bai bari ba shi ma zai bi ɗan'uwansa. Baba ya ce shi shayi kawai yake sha. Likitan ya ce to, ya rage shayin.

A hanyar dawowa na riƙe masa hannu za mu tsallaka titi, sai maganar ta kuɓuce mini.

"Baba, ina bayan tanki ranar nan."

Ya tsaya cak a tsakiyar titi, motoci suna ta yi mana ihu.

"Mamana," ya ce, "ki rufa mini asiri wurin uwarki."

Ban rufa ba. Ko awa biyu ban yi ba na same ta a sama na faɗa mata. Ta ci gaba da tace humra a ƙyalle kamar na ce mata an ɗauke ruwa.

"Ke Hajjo, ni da nake bambance turare goma sha biyu a cikin kwalba ɗaya, kina tsammanin ban san numfashin mijina ba? Na sa wa jarkar kwaɗo, ya koma sayen kolonya a kanti, wadda ta fi wannan mugunta. Shi ya sa na cire kwaɗon. Ya dafa Alƙur'ani sau uku. Ya je umara ya yi kuka a jikin Ka'aba, ya yi kwana tara bai sha ba. Ba rashin tsoron Allah ba ne ke damunsa. Shi kaɗai ne a ciki, shi ne ciwon."

Daga ranar na zama jami'ar bincike. Ina rubuta tambaya a waya da Larabci, in karanta, in goge, in sake gogewa, har wayar ta fara zafi saboda kunya. Na samo maganar asibiti, Baba ya ce ko gawarsa ba za ta je ba, wai in sunansa ya shiga takarda maganar za ta kai ga kafilinsa da ya tsaya masa a ƙasar, takardar zamansa ta iƙama ta tafi, shi ke nan, a tura shi ƙasar da bai taɓa gani ba sai a hoton kalanda. Ko tsoron nan nasa yana da tushe ko babu, ban sani ba, amma shi ya gaskata shi. Na samo wasu masu irin ciwonsa da suke haɗuwa ta waya suna ba juna ƙarfi, sai dai da Turanci suke yi, karnuka suna haushi a bayansu, Turancin Baba kuwa kalma biyu ne, kuma ɗayar ma ba ya tabbata da ita. Na kira wata lamba na shaƙe murya kamar ƙaton namiji, na yi bayani mai ratsa zuciya na minti biyar, mutumin ya saurara har ƙarshe sannan ya ce shi gyaran firji yake yi, amma Allah ya ba ni lafiya.

Wadda ta fitar da mu Khala Awadiyya ce, wata 'yar Sudan mai yi wa amare lalle, da take sayen humra wurin Umma. Mace ce da in ta shigo gida sai ta san abin da ke cikin tukunya da abin da ke cikin zuciya kafin ta cire takalmi. Ta same ni a matakala ina latsa waya, ta karanta ta saman kafaɗata ba ko sallama, ta kama kunnena ta ja ni har gaban Umma.

"Ku biyun nan kuna haƙa rijiya a cikin waya," ta ce. "Mijina shekara shida ke nan duk Asabar yana zuwa kamun kifi, ko ƙaya bai taɓa kawo mini ba. Kun taɓa jin na yi ƙorafi?"

Umma ta ajiye mazurari.

"Bayan sallar asuba, bakin bahar ta kudu, can inda fitilun titi suka ƙare. Za ku ga maza a jere da sandunan kamun kifi. Ku nemi waɗanda bokitinsu ya bushe. Ba a tambayar mutum ɗan gidan wa ne, ba a rubuta komai. Yalla, zuba mini humrata, amarya tana jira."

Kwana huɗu muka yi muna lallaɓa Baba. A ƙarshe ya yarda, bisa sharaɗin cewa shi kamun kifi za shi, kifi kawai, kuma in ya ga wanda ya sani zai juyo. Ya aro sanda wurin maƙwabci. Ni zan raka shi saboda idon. Nan ne muka tafka abin da har gobe in na tuna sai na rufe fuska. Kun san Umma, ba a fita daga gidanta zuwa wurin mutane hannu sake. Ko gaisuwar mara lafiya za ka sai ta cusa maka wani abu, balle wurin mutanen da za su taimaki mijinta. Me gidanmu yake da shi na alfahari? Ta zaɓo humrarta mafi kyau, wadda ta shekara tana tsumuwa, ta cika ƙananan kwalabe goma sha biyu, ni kuma na ɗaura wa kowace jan zare a wuya. A wurinmu jarka ita ce abokiyar gaba. Kwalba kuwa mutuncinmu ce, abin da ake ba surukai da baƙi. Ko sau ɗaya bai zo mana a rai ba cewa abu ɗaya ne a cikinsu. Baba ya ga leda a hannuna ya ɗauka dabino ne.

Mun isa gari bai gama wayewa ba. Teku da sama launinsu ɗaya, ba ka sanin inda wannan ya ƙare wancan ya fara, jiragen ruwa suna rataye a tsakani kamar an manta da su a kan igiyar shanya. Ruwan ko motsi ba ya yi, sai ɗan numfashi. Can muka hango su, mutum bakwai a kan kujerun naɗewa, kowa ya ba gari baya ya fuskanci ruwa, fulas ɗin shayi yana bi hannu hannu. Na leƙa bokitinsu, har gizo-gizo ya yi saƙa a ciki. Daga baya na gane hikimar zaman. Namiji zai iya faɗin abin da ya fi ƙarfinsa in ba a kallon idonsa, kuma duk wanda ya wuce zai ce masunta ne marasa sa'a. Wani tsoho mai jan gemu, zan kira shi Ammu Salim, ya taso ya tare mu. Baba ya yi sallama, ya fara abin da kowane mutumin unguwarmu yake yi.

"Ni ɗan gidan marigayi..."

Ammu Salim ya ɗaga hannu. "Bar marigayi ya huta, ya akhi. Sunanka ma in ka ga dama ka riƙe abinka."

"Kamun kifi na zo," in ji Baba. "An ce akwai kifi a nan."

"Dukanmu haka aka ce mana. Ga kujera."

Ammu Salim ya nuna mini wani dutse can nesa inda zan jira. Ni kuwa na ce ai ba zan tafi da saƙon Umma ba. Na bi layin nan ina rabawa ɗaya bayan ɗaya, ina murmushi kamar gwaggon amarya, har ina cewa aikin hannu ne, ba irin na kasuwa ba. Na farko ya karɓa cikin ladabi ya buɗe murfin. Ƙamshin ya tashi, sandal da miski a sama, a ƙarƙashinsu kuma wannan kaifin sibirtun da yake tsaga hanci. Wani saurayi siriri mai rigar masu gadi ya ƙura wa tasa kwalbar ido. Ya ajiye ta a kan yashi a hankali, ya tura hannayensa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya danne.

"Kwana goma sha ɗaya gare ni," ya ce, ba da kowa yake ba. "Goma sha ɗaya kawai."

Wani mai ƙiba ya miƙe ya shiga ruwa da takalmansa har gwiwa, ya tsaya can ya ba mu baya. A lokacin ne kaina ya yi aiki. Na roƙi yashi ya buɗe ya haɗiye ni da ledar, ya ƙi. Baba ma ƙamshin ya kai masa. Na ga hancinsa ya buɗe, na ga ya gane. Na ɗauka zai kama hannuna mu gudu, kuma da ya yi hakan ba zai sake dawowa ba har abada, na san shi. Sai ya sauka daga kujerar ya durƙusa. Ba ya ganin kwalaben sosai a cikin yashi, don haka da lalube ya bi su, yana rarrafe a gaban ƙafafun mutane, yana karɓar na hannu yana tsintar na ƙasa, har ya tara su a cinyar rigarsa. Ya fara magana da Hausa, ya tuna ba mai ji, ya koma Larabci.

"Ku yafe wa yarinyar, ba ta sani ba. Ni ne na sani. Matata ce take yin wannan da hannunta, da shi ake dafa abinci a gidana. Ni kuma ina hawa sama da rana tsaka in sha abin da take haɗa shi da shi. Shekara uku. Idona ɗaya ya tafi. Ba kifi ne ya kawo ni ba."

Ba wanda ya juyo ya kalle shi, kuma wannan ne alheri mafi girma da na taɓa gani an yi wa mutum. Ammu Salim ya tsiyaya shayi ya miƙa masa.

"Marhaba," ya ce. "Yanzu ka iso." Sannan ya dube ni. "Ya binti, kwashe kayan nan ki bi da su ta inda iska ba za ta dawo mana da su ba. Ki gaishe da mahaifiyarki, ki ce hannunta yana da albarka, har ta yi yawa."

Na juye wa wata mata da ta kawo yaranta wasan ruwa duka goma sha biyun, ta yi ta kallona kamar na faɗo daga jirgi. Na koma kan dutsena. Ban ji ko kalma ɗaya ba daga can, bayansu kawai nake gani, takwas yanzu. Rana ta fito ta bayanmu ta zuba wa ruwan wani ja mai laushi, zarurrukan sandunan suka kama haske suka zama kamar gashin zinariya da ya sauko daga sama ya riƙe kowane mutum a wurinsa. Kafaɗun Baba sun daɗe suna girgiza. Mai ƙiban nan ya fito daga ruwa ya zauna kusa da shi yana matse safa. Na yi barci a zaune, na yi mafarkin kifaye sun taru a ƙarƙashin ruwa sun yi layi su ma, suna saurare.

Da muka koma na ba Umma labari a matakala. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, dariyar ta juye ta zama wani abu dabam, ta rufe fuska da mayafi. Da la'asar ta hau sama ita kaɗai. Muka ji tana jan jarkar mataki bayan mataki, ta ƙi yarda kowa ya kama mata, ta kira Khala Awadiyya ta zo ta tafi da ita da duk wani abu mai sibirtu a gidan. Hajja ta fito tana salati.

"Sana'ar uwarki da kakarki za ki ba 'yar Sudan? Me za ku ci?"

"Za mu ci abin da ba zai ci mu ba, Hajja," in ji Umma.

Ba ƙaramin abu ta ajiye ba. Ta gwada humra ta zallar mai, masu saye suka ce ba ta tashi, suka watse ɗaya bayan ɗaya. Ta koma turaren wuta da suyar masa. Hannun da amaren Jidda suke layi a kansa ya koma warin man gyaɗa, gidanmu ya koma warin gida kamar na kowa. Na sha kama ta ta buɗe tsohon kabad ɗin sama ta sa kanta a ciki tana shaƙar katakon. Kuma kada ku ɗauka Baba ya warke a ranar. Sau biyu ya koma sha, sau biyu ya je Asabar ya faɗa da bakinsa, aka ba shi shayi aka fara ƙirga masa daga ɗaya. Idon hagu bai dawo ba. Na dama ya tsaya inda yake, ya isa ya yi kalmasa da gyaran wando, amma aikin wuyan riga ya tafi ke nan.

Wata bakwai ina raka shi, har na zama na san kowane dutse na wurin da sunan da na raɗa masa. Wata Asabar na fito da abayata a karkace, ido rabi a rufe, na same shi ya riga ya sa takalmi, sanda a kafaɗa.

"Koma ki kwanta, Mamana."

"Baba, wa zai tsallakar da kai titi?"

"Na ce ki koma. Ina ganin hanya."

Na ruga taga na ɗaga labule. Gari ya fara haske, lungun babu kowa. Yana tafiya a hankali, kansa a ɗan karkace don idon dama ya yi jagora. A bakin lungu ya tsaya ya yi wa tukunyar gas ɗin maƙwabta sallama cikin girmamawa. Ya jira amsa, bai samu ba. Ya gyara sandarsa, ya duba dama, ya juya gaba ɗaya ya duba hagu, ya tsallaka. Bakina a buɗe yake, amma ban kira shi ba.